Ƙwallo Goma a Filin Kawu

Ranar da aka kai Kawu makwancinsa, zauren gidanmu na Gwandu bai ɗauki mutane ba, sai da aka shimfiɗa tabarmi har bakin masallaci. Kawu yayan mahaifiyata ne, shi ya riƙe ni tun ina aji uku na firamare, bayan rasuwar mahaifina. Allah Ya karɓi abinsa ranar Talata da hantsi, aka sallace shi bayan azahar.

Masu gaisuwa suka yi ta zuwa, kowa da abin da zai faɗa. Wani dattijon Bafulatani daga Masama ya durƙusa, ya jingine sandarsa, ya ce, "Shekarun baya shanuna sunka shiga gonar ƙanen mutumen nan, anka kira shi shaida. Nac ce tawa ta ƙare. Ya zo ya duba, yac ce gonar ce tac ci burtali. Gaban ƙanensa yaf faɗi haka." Wani tsohon malamin makaranta da ya zo daga Kalgo ya ce shekara talatin Kawu yana tsaya musu a bakin layi idan suna buga tanis, bai taɓa kiran ƙwallon waje da sunan ta ciki ba, ko da shugaban makaranta ne ya bugo ta. Daga cikin gida kuma muna jiyo kukan mahaifiyata, tana cewa wa zai ƙara faɗa mata gaskiya yanzu.

Duk maganar ɗaya ce. Mutum ne da bai taɓa yanke hukunci a kan ƙarya ba. Ni kuwa duk wanda ya faɗi haka sai in sunkuyar da kai, don na san ya taɓa yi sau ɗaya, kuma ni na sa shi.

Babban ɗan Kawu bai samu jana'iza ba. Direban babbar mota ne, yana ɗaukar albasa zuwa kudu, sai ranar Laraba da la'asar ya iso. Ya zauna a can ƙarshen tabarma, bai yi kuka ba, bai dubi kowa ba. Na ji wani a bayana yana raɗa wa ɗan'uwansa, "Shekara bakwai ba ya zama da uban, yanzu mi zai ce?" Ni ina riƙe da saƙon da Kawu ya bar masa, da sharaɗin in faɗe shi a gaban jama'a ranar addu'ar uku. Tsakanina da ranar, kwana biyu.

Ban yi karatu mai zurfi ba, sakandare na gama da ƙyar. Amma ina so in rubuta wannan yadda ya faru, don kada a manta da Kawu, kuma don kada a ɗora masa laifin da ba nasa ba.

Kawu ya san tanis ne a wurin aiki. Lebura ne a wata makarantar horon malamai, yana share filin da malamai ke wasa, daga nan ya koyi ɗaure zaren raket, wato abin buga ƙwallon, ya koyi dokoki, har ya zo yana doke waɗanda suka koya masa. Da ya ajiye aiki sai ya sayi wani fegi a gefen Kalgo, kusa da kwalta, ya ce zai yi filinsa. Mutane suka yi ta dariya. Siminti ya fi ƙarfinsa, sai ya ce a yi daɓe. Ya sa aka kwaso jar ƙasa da tsakuwa, ya gayyato mata daga unguwa da madaɓansu, aka jiƙa makuba aka yi ta yayyafi, kamar ana gyaran ɗakin amarya. Kwana huɗu suna daɓe suna waƙa, suna tambayar matar Kawu ina amaryar take. Raga kuwa wani masunci ne ya saƙa masa. Layi da farar ƙasa yake ja, kowace safiya, da kansa, da igiya da ƙusa biyu. Bai yarda wani ya ja masa layi ba har ya bar duniya.

Haka muka tashi a filin, ni da babban ɗan nan nasa. Sa'o'in juna ne, kuma taubasai, shi ɗan namiji ni ɗan mace. Ba a minti biyar bai tsokane ni ba.

"Kai ɗan mace, kwaso ƙwallayen ubangidanka."

"Ubangidan da ke aika ƙwallo gonar gero?"

Kawu yana jin mu ba ya sa baki. Dokarsa guda ce. A filinsa babu alƙalin wasa idan ba gasa ake ba, kowa shi ke kiran abin da ya faɗi a ɓangarensa, kuma abin da ya kira ya zauna. Idan aka yi gardama, zai kira ka, ya dube ka, ya tambaye ka sau ɗaya. Abin da ka faɗa shi ke nan. Yakan ce, "Ni ba na tambaya sau biyu. In ka yi mini ƙarya, kai da Mai gani."

Abin da ya fi so a wasan shi ne bugun farko, wanda ake buɗe kowane maki da shi. Yakan ce duk sauran wasan martani ne, wannan kaɗai ne naka kai ɗaya, kai ka jefa ƙwallo sama kai ka buga. Da wayoyi masu bidiyo suka zo, sai ya riƙa sa ni in nemo masa manyan 'yan wasan duniya masu ƙarfin bugu. Yakan ajiye tabarau a kan hanci, ya matso da wayar. In ce masa, "Kawu, wannan ya haura kilomita ɗari biyu da hamsin a awa." Ba ya cewa kai, ba ya cewa ashe. Sai ya ce, "Ta faɗi ciki?" In na ce ta faɗi, sai ya gyaɗa kai. In ta fita, sai ya miƙo mini wayar, ya ce gudun banza ne, ko iska tana yi.

Shekarar da abin ya faru muna da shekara goma sha tara. Aka aiko daga Birnin Kebbi cewa ana son matashi ɗaya daga filin Kawu, za a kai shi sansanin horo a Kaduna tare da na sauran jihohi. Ɗaya tak. Ni da taubashina mun fi kowa, kuma idan mun kara, yau shi gobe ni. Kawu ya kwana uku ba ya cin abinci sosai. Idan ya zaɓi ɗansa, za a ce ya yi son kai. Idan ya zaɓe ni, za a ce ya ji tsoron bakin mutane ne ya danne ɗansa.

Akwai wani malami da ke zuwa wasa da yamma, ya sayo wata na'urar auna gudu a gwanjo. Kamar ƙaramar bindiga take, ana nuna ta, sai lamba ta fito. Shi ya kawo shawara a bar na'ura ta raba gardama. Kawu ya yi murna kamar an sauke masa buhu daga ka. Ya ce, "Madalla. Na'ura ba ta da ɗa, ba ta da ɗan ƙanwa." Aka yanke cewa kowa zai buga ƙwallo goma, babu ta sha ɗaya, wadda ta fi gudu a cikin waɗanda suka faɗi ciki ita ce lambarka.

Abin da babu wanda ya yi tunaninsa shi ne inda filin ya fuskanta. Bayan raga da katangar kara, kwalta ce ta miƙe sosai kafin ta yi kwana. Mai riƙe da na'ura yana tsaye a bayan mai bugu, bakinta yana kallon titi. Ita kuwa na'urar ba ta san ƙwallo ba, ba ta san mota ba, abin da ya fi gudu a gabanta shi take kamawa.

Ranar Asabar ce da safe, mutane sun fi talatin. Kawu ya tsuguna a gefen layi, idonsa a ƙasa, yana duba inda ƙwallo za ta faɗi. Taubashina ya fara. Ƙwallonsa ta shida ta ba da ɗari da hamsin da biyu, kuma ta faɗi ciki. Aka yi tafi. Ya wuce ta gabana yana murza kafaɗa, ya ce, "Ɗan mace, in na dawo daga Kaduna zan kawo maka tsaraba."

Na karɓa. Ta farko waje. Ta biyu ɗari da talatin da takwas. Na yi ta bugu, ban wuce ɗari da arba'in da ɗaya ba. Da na zo ta tara, na jefa ƙwallo sama, a daidai lokacin wata baƙar jif ta taho a guje ta kan miƙaƙƙen titin nan. Na gan ta. Ina fuskantarta, ba yadda za a yi in ce ban gan ta ba. Na buga, kuma na ji a hannuna bugun bai da wani ƙarfi. Kawu ya ce, "Ciki." Malamin ya dubi na'ura ya yi ihu, "Ɗari da sittin da ɗaya!"

Wuri ya rikice. Taubashina ya taho da gudu.

"Mota ce! Wallahi mota ce tak kama! Baba, baƙar mota ta wuce yanzu!"

Malamin ya ce shi idonsa yana kan lamba. 'Yan kallo wasu suka ce sun ji ƙarar mota, wasu suka ce kafin bugun ne, wasu bayansa. Kawu ya miƙe a hankali, ya kakkaɓe gwiwarsa, ya kira ni. Ya dube ni yadda yake duban kowa.

"Kai ka fuskanci titi. Ka ga mota sadda kab buga?"

Na tuna Kaduna, na tuna tsarabar da aka ce za a kawo mini. Na ce, "Ban gani ba, Kawu."

"Shi ke nan."

"A sake mana!" in ji taubashina. "Ƙwallo ɗaya, Baba. In ya kai ko ɗari da hamsin, na yarda."

"Goma munka ce."

"Ƙarya yake yi! Kai ma ka san hannunsa bai kai nan ba!"

"Na tambaye shi, ya ba ni amsa."

A nan taubashina ya faɗi abin da ya raba su. Ya ce, a gaban mutane talatin, "To idonka ya tsufa, Baba. Yaro ya yi maka ƙarya a fuska ba ka gani ba." Kawu bai ɗaga murya ba. Ya miƙa hannu ya karɓi raket ɗin da shi ya ɗaure wa zare da hannunsa, ya ce, "Fita daga filina. Kar ka sake taka shi." Ya fita. Bai sake takawa ba.

Na je Kaduna. Can suna da na'urarsu mai kyau, a fili mai katanga. Mako biyu ina bugu ban taɓa ganin ɗari da arba'in da biyar ba. Mai horarwa ya dubi takardar da Kawu ya sa hannu, ya dube ni, ya ce in tattara kayana. Da na dawo sai na ƙara wata ƙaryar a kan ta farko, na ce kafaɗata ce ta goce.

Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai. Kawu ya ɗauke ni a babur ɗinsa har Dangoma wurin mai ɗori, sau huɗu, cikin damina, hanya duk laka. Mai ɗorin ya taɓa ya taɓa, ya ce shi bai ji komai ba. Kawu ya ce masa, "Yaron nan ba ya ƙarya, ƙara dubawa." Kowace safiya yakan ɗumama man shanu ya murza mini kafaɗar da lafiyarta ƙalau, yana cewa in yi haƙuri, hannun da ya yi ɗari da sittin zai dawo. Ina zaune ina kallon ƙasa.

Taubashina kuwa ya bi motocin albasa. Da farko yaron mota, daga baya direba. Yakan zo da salla, ya durƙusa ya gaida mahaifinsa, Kawu ya amsa, shi ke nan ya tashi ya shiga wurin mahaifiyarsa. Matar Kawu ta yi roƙo, mahaifiyata ta yi, limamin unguwa ya yi. Kawu ya ce yaro ya janye maganarsa. Yaro ya ce ba zai janye gaskiya ba. Ni kuma ina tsakaninsu, ina cin tuwon gidan, Kawu ya yi mini aure, ya ba ni makullin filin. Taubashina bai ƙara kirana ɗan mace ba. Sunana yake kira, cikakke, kamar baƙo.

Sau ɗaya na kusa faɗa. Muna zaune a inuwar darbejiya a bakin fili, ina karanta masa labari a waya, cewa bugun da aka ce ya fi kowane gudu a duniya, masu kula da wasan ba su amince da shi a hukumance ba, don a wata ƙaramar gasa aka yi shi, kuma na'urorin auna gudu ba duka suke daidai ba. Kawu ya cire tabarau.

"Na'ura ma tana kuskure?"

"Haka suka ce, Kawu."

Ya daɗe yana kallon titi. Motoci suna wucewa. Na san idan ya juyo ya sake tambayata, zan faɗa. Amma shi ba ya tambaya sau biyu. Ya mayar da tabarau ya ce, "To ai mu ba da na'ura kaɗai munka yi aiki ba. Mun tambayi mutum." Na ce haka ne. Allah Ya yafe mini, na ce haka ne.

Ciwon ya kama shi bayan girbi. Aka kai shi asibiti a Birnin Kebbi, aka yi mako uku, likita ya ce a mai da shi gida. Kawu ya ce Gwandu yake so, ɗakin da aka haife shi. Ranar Litinin da safe ina ba shi kunu, ya sha cokali biyu ya kau da kai. Ya ce in yafe masa idan ya taɓa zaluntata. Cokalin ya faɗi daga hannuna.

Na ce, "Kawu, na ga motar."

Bai tambaye ni wace mota ba. Ya rufe ido. Can ya ce, "Wace kala?"

"Baƙa."

"Haka yac ce." Sannan ya ce, "Kafaɗar fa?"

"Lafiyarta lau."

Hawaye ya gangaro masa ta gefen ido zuwa kunne. Ban taɓa ganin hawayensa ba, ko ranar da aka binne mahaifiyarsa. Bai zage ni ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Kira mini shi."

Na kira sau goma sha ɗaya, wayar ba ta shiga. Na samu wani abokin aikinsa, ya ce motarsu tana wajen Jebba, a layin da ba sabis, gada ta cunkushe. Na ce wa Kawu ya yi magana in naɗa a waya in tura, da zarar ya samu sabis zai ji. Ya girgiza kai.

"Na ba na'ura amana sau ɗaya. Wagga magana ba ta shiga cikinta." Ya kama hannuna, da ɗan ƙarfin da ya rage masa. "In ya iske ni, ni zan faɗa mishi. In bai iske ni ba, kai za ka faɗa. Ba a ɗaki ba. Gaban mutane nik kore shi, gaban mutane za a wanke shi. Ka ji?"

Na ce na ji. Ya faɗa mini kalmomin, ya sa na maimaita. Washegari da hantsi ya cika.

Daga Laraba zuwa Juma'a na nemi hanyar tsira ta kowace fuska. Na ce a raina babu wanda ya ji sai ni. Na ce zan ja taubashina gefe in faɗa masa mu biyu. Na ce ai tonawa zai ɓata sunan Kawu ne, a bar mutane da abin da suka sani. Matata ta lura ba na cin abinci, ta ce kowa ma ya yi rashi, in daure. Har safiyar Juma'a ban san abin da zan yi ba.

Aka taru bayan an fito sallar asuba, rana ta ɗan ɗaga. Liman ya yi addu'a, aka shafa, aka fara rabon gumba da goro. Ƙanen Kawu, wanda yanzu shi ne babba a gidan, ya yi tambayar da aka saba yi, ko akwai wanda marigayi ya bar wa wasiyya ko wata magana. Babu wanda ya tashi. Ya buɗe baki zai sallami jama'a. Ban san lokacin da na miƙe ba.

Na faɗa duka. Ƙwallo ta tara, da motar, da Kaduna, da kafaɗa. Tsohon malamin da ya riƙe na'urar yana wurin, ya dafe kai. Wani ya ce subhanallahi. Daga bayan labulen zaure na ji muryar mahaifiyata ta kira sunana sau ɗaya, ba ta ƙara ba.

Taubashina bai motsa ba. Ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Yaushe kag gaya mishi?"

"Litinin."

"Litinin ɗin nan?"

"Ita."

"Shekara bakwai kana cin abinci da shi."

Sannan ya ɗago ya dube ni.

"Mi yac ce? Kar ka gyara. Yadda yaf faɗa."

Na ce, "Ya ce, ka gaya wa ɗana shi yac ci. Ka gaya mishi gaskiya yaf faɗi, ni na ƙi ji. Ka ce ubansa yana roƙonsa gafara."

Ya sa hularsa ya rufe fuska. Kafaɗunsa suka fara rawa, sannan kukan ya fito, irin na babban mutum, mai ban tsoro. Babu wanda ya ce masa ya yi haƙuri. Liman ma ya bar shi.

Da ya natsa sai ya miƙe ya ce a nuna masa inda aka sa mahaifinsa, tun da ya zo bai je ba. Mutum biyar suka tashi. Ya ce a'a, ya nuna ni da haɓa. Muka tafi, ina gaba yana baya, muka bi ta bayan kasuwa har maƙabarta. A bakin ƙofa na nuna masa sabon kabari, na uku daga bishiyar aduwa. Na ɗaga ƙafa zan bi shi.

Ya ce, "Kai tsaya nan."

Ban san ko ya yafe mini ba, ban tambaya ba, ba ni da bakin tambaya. Ya Allah Ka haskaka kabarin Kawu, Ka yalwata masa shi, kada Ka kama shi da hukuncin da harshena ya sa shi yankewa. Duk wanda ya karanta wannan, ya yi masa addu'a, in da saura ya sa da ni.

Na tsaya a bakin ƙofar. Daga nan ina hango shi durƙushe, bakinsa yana motsi, yana ta magana da mahaifinsa. Rana ta yi zafi, ƙafafuna suka gaji, ban zauna ba. Ya fi awa ɗaya bai tashi ba.